Hannuna na Dama da Tulun Zumunta

Salama a gare ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Iyayena mata, 'yan'uwana, da baƙinmu da suka taso daga Jos Jarawa da sauran ikilisiyoyi, ina gaishe ku.

Na rubuta abin da zan faɗa a takarda, domin ba na son magana ta yi ta yawo. Zan fara daga farko, in bi ta tsakiya, in tsaya a ƙarshe. Mai jariri ta ba shi nono tun yanzu. Mai waya ta kashe ta. Na gode.

Saboda baƙi, sunana Saratu, a gida kuma Maman Hannatu. Muna zaune a Dutse Uku ni da maigidana, wanda ya yi tuƙin babbar mota har ya ajiye. A nan zumunta ana kirana Mama Saja. Na daɗe da sanin sunan, ko da yake ba wadda ta taɓa faɗa a gabana sai bayan da na kwanta ciwo. Karatuna bai wuce firamare ba, amma abin da aka koya mini na riƙe shi.

Fiye da shekara ashirin ni ce mai buga babban tulu a Zumuntar Mata ta wannan ikilisiya. Wadda ba ta sani ba za ta ce ai soso ne kawai ake dukan bakin tulu da shi. Ba haka ba ne. Tulu ne ke riƙe da kiɗa. In tulu ya kauce, ganga ta kauce, caki ya kauce, ƙafafun mata duka su rikice. Shi ya sa ba na wasa. Ladi, ga ta can a zaune, ita ce mai ƙaramin tulu, kullum gudu take yi. Ba ranar koyon waƙa da ba na ce mata, "Ladi, ina za ki? Mota ce za ta bar ki?"

Da wannan hannun na dama nake bugawa. Ku dube shi da kyau. Shaidata a kansa take.

Abin ya fara da ciwon kai na safe. Na sha maganin kanti, na ce gajiya ce. Daga baya yatsun hannun nan suka fara rawa su kaɗai, su yi su daina. Hannatu, 'yata ta fari, ta ce ba za ta ƙara jin "gajiya ce" ba, ta kai ni asibiti. Aka shigar da ni cikin wata na'ura mai ƙara kamar injin niƙa, aka ɗauki hoton cikin kaina. Likita ta ce akwai ƙari. Ta ce ba na daji ba ne, amma ya zauna a mugun wuri, kusa da babbar jijiyar jini, kuma kusa da inda ƙwaƙwalwa ke ba hannun dama umarni. Yanka a wurin akwai haɗari.

Aka tura mu Legas, inda ake gashin ƙari da haske ba tare da wuƙa ba. Suka yi mini wata fuska ta roba mai raga daidai fuskata, suka ɗaure ta a gado domin kada kaina ya motsa. Aka ce in kwanta shiru. Wannan bai ba ni wahala ba, ni da nake sa mata tsayuwa shiru. Na'ura ta yi ta zagaya kaina, ban ji zafi ba, ban ga jini ba. A ranar aka sallame ni.

Baban Hannatu ya dube ni a ƙofa, ya zagaya bayana, ya ce, "Shi ke nan? Duk wannan doguwar tafiya, ko aski ba su yi miki ba?"

Likitan can ya faɗa mana abu biyu. Ya ce an gama. Ya kuma ce hasken yana aiki a hankali, wani lokaci naman da ke kewaye da ƙarin yakan kumbura daga baya, don haka in riƙa zuwa hoto. Na ji duka biyun, amma kunnena ya fi riƙe na farkon.

Da muka dawo Jos muka yi godiya a majami'a. Da yawanku kuna nan. Na yi rawa daga ƙofa har gaban bagade da zanen zumunta, na dawo na zauna a kan tuluna. Yabo ga Ubangiji! Wannan godiyar gaskiya ce, kuma ban janye ta ba har yau.

Aka yi kusan shekara lafiya lau. Sai wata Lahadi, ana tsakiyar waƙar baiko, soso ya faɗi daga hannuna. Ban sake shi ba, shi ya faɗi. Na sunkuya na ɗauka da sauri, Ladi ta kalle ni, na harare ta, ta mai da kai. Amma ni na san abin da na ji. Hannun ya yi nauyi kamar an jiƙa shi a ruwa. Kwana kaɗan ciwon kai ya dawo, ya fi na da.

'Yan'uwa, tsoro ya kama ni. Na ce ƙarin ya dawo. Na ce yanzu me zan faɗa wa mutanen da suka taya ni rawa?

Muka koma wurin likitata ta nan Jos, yarinya ce sa'ar Hannatu, Mama take ce mini. Aka sake hoto. Wurin ya yi fari, ya fi da girma. Ba ta yi gaggawar magana ba. Ta aika hoton Legas, suka gwada shi da na baya, aka ƙara wani hoton na daban. Sannan ta zaunar da mu.

Ta ce, "Mama, kin taɓa ƙona kututture a gona?"

Na ce, "Ni 'yar manomi ce."

Ta ce, "To in an ƙona shi, ƙasar da ke gefensa fa?"

Na ce, "Ita ma ta sha wuta. Sai ta daɗe ba ta ba da komai ba."

Ta ce, "Abin da muke gani ke nan. Ƙarin bai girma ba, hasken ya yi aikinsa. Amma naman da ke gefensa ya ƙone, ƙananan jijiyoyin jini na wurin suna yoyo, ruwa ya taru, wurin ya kumbura yana danne inda ke motsa hannunki. Ba sabon ciwo ba ne, tabon maganin ne."

Baban Hannatu ya ce, "Wato wutar da ta kashe ɓarawo ta taɓa labule."

Ta yi dariya ta ce, "Baba ya gane."

Ta ba ni ƙwaya iri biyu. Ɗaya ta hana jijjiga. Ɗaya kuma 'yar ƙarama fara, ta rage kumburi. A kan wannan 'yar ƙaramar ta kafa mini doka. Da safe za a sha. Bayan an ci abinci za a sha. Kuma ba a daina ta rana ɗaya. Ta ce, "Mama, a Dutse Uku kike. In mutum ya hau kan dutse, yaya yake saukowa?"

Na ce, "A hankali, yana neman wurin sa ƙafa."

Ta ce, "Haka za mu sauko daga maganin nan. Ni zan riƙa rage miki. Kada ki yi tsalle."

Na ji daɗin wannan magana, domin ina son abu mai tsari. Na ce mata, "Dokta, ba ki san da wadda kike magana ba. Ni ba na karya doka."

Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Maganin ya yi aiki. Cikin mako guda ciwon kai ya lafa, hannu ya dawo, na koma kan tulu. Amma ya zo da nasa. Yunwa! Ban taɓa sanin irin wannan yunwa ba. In ci tuwon acca, in juya in nemi gwate. Fuskata ta zama kamar faranti, wuyana ya cika, rigar zumunta ta ƙi shiga sai da tela ya buɗe ta. Likita ta gaya mini cewa aikin ƙwayar ne, har tana auna mini sukari saboda shi.

Amma a nan majami'a fa? Kun san kanku.

"Mama, kin yi kyau! Kin yi fes!"

"Kai, Baba ya ƙara kuɗin cefane ne?"

"Wannan ai ba sai an tambaya ba, Ubangiji ya gama aikinsa. Dubi kumatu!"

Ban ga laifinku ba. Mu a wurinmu wanda ya rame shi ne mai ciwo, wanda ya yi ƙiba ya warke. Haka muka tashi. Kullum ina jin wannan, har na fara mantawa da abin da likita ta ce. In na dubi madubi sai in ga warkarwa, ban ga ƙwaya ba.

Sai makon azuminmu ya zo.

Saboda baƙi, ga al'adarmu. Mako guda kafin babban taron zumunta na shekara, shugabanni da makaɗa sukan yi azumi daga safe har yamma. Da la'asar mu taru mu yi addu'a, mu koyi waƙoƙin taro, sannan mu sha kunu tare. Ba wanda ya fi ni tsanani a kan wannan. Akwai shekarar da Maman Joy, mai buga caki, ta ce mini tana da olsa, ba za ta iya ba. Na ce mata, "Olsar ba ta san sunan Yesu ba ne?" Ta yi azumin tana riƙe da ciki. Ni na faɗi haka, da bakin nan.

To yanzu ga ni da ƙwayar da ake sha da safe bayan abinci. Ni ce kuma mai duba fuskar kowa in ga ko ta ci wani abu.

Ranar farko na ce ai da sauƙi, zan mai da ita yamma bayan an sha kunu. Na sha da yamma, barci ya ƙaurace mini, gari ya waye idona biyu. Washegari na ce wannan ƙwayar tana hana ni ƙarfin addu'a. Sai wata murya a zuciyata ta ce: kowa ya ce kin warke, jikinki ma ya nuna, ga azumi kina yi, me ya fi azumi ƙarfi? Na ɗauki ƙwayoyin, har da ta hana jijjiga, na sa a ƙasan akwati. Ban gaya wa maigidana ba. Ban gaya wa Hannatu ba. Na kira shi bangaskiya.

Na yi tsalle daga kan dutse, 'yan'uwa. Ni da ba na karya doka!

Jiki bai ɓata lokaci ba. Kasala, jiri, tashin zuciya, kai kamar ana daka sakwara a ciki. Na ce azumi ne, Shaiɗan ne yake gwada ni.

Ranar Laraba da safe na fita ɗiban ruwa a famfo, na jingina da katanga. Maƙwabciyata Alhaja ta gan ni. Bayarabiya ce, Musulma, haihuwar Jos, tana sayar da robobi a Dilimi. Katanga ɗaya ta raba mu, yaranmu tare suka tashi. Ta ajiye bokitinta.

"Mama Hannatu, wannan tsayuwar ba taki ba ce. Kin sha maganinki?"

Na ce, "Azumi muke yi."

"Ban tambaye ki azumi ba. Maganin fa?"

Na kau da kai.

Ta tafa hannu ta ce, "Haba! Ko mu da muke yin wata guda cur, an ɗauke wa mara lafiya. Ke wane irin Allah ne zai ba ki likita sannan ya ce kada ki ji maganarta?"

Na ce, "Alhaja, kowa da addininsa."

Ta ce, "Gaskiya ne. Amma kai iri ɗaya aka ba mu. Zan gaya wa Baba."

Na ce in ta faɗa ba ni ba ita. Ta ɗauki bokitinta tana mita da yarensu. Daga baya na ji ta aika a nemo shi a tasha wurin abokansa, ba a same shi ba sai da abin ya faru.

Da la'asar ɗin ranar muka taru a nan. Ana ruwan sama, kwano yana ta ƙara. Muka fara waƙar shiga. Ina bugawa, sai na ji sautin tulun yana nisa, kamar daga wata unguwa. Hannun ya fara fizga shi kaɗai. Na so in ce Ladi ta karɓa, bakina ya ƙi. Abin da na sani ke nan.

Sauran an ba ni labari. An ce na faɗi ina jijjiga. Mata suka ruɗe, wasu suna tsawata wa aljanu, wata ta ruga neman cokali a sa mini a baki. Mama Pasto, wadda ta yi aikin jinya kafin ta yi ritaya, ta daka tsawa: "Kada wadda ta sa mata komai a baki! Ku juya ta gefe. Ladi, nemo keke mai ƙafa uku. Masu addu'a ku ci gaba, amma a hanya za a yi ta."

Na farka a asibiti da allura a hannun hagu. Na nemi in ɗaga na dama in gyara ɗankwalina. Bai tashi ba. Na dube shi yana kwance a gefena kamar tsumma. Na ce masa tashi, a zuciyata, kamar yadda nake ce wa mata. Ko yatsa bai motsa ba.

Likita ta zo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, "Mama, yaushe kika sha maganinki na ƙarshe?"

Ba na ƙarya. Na faɗa mata, a gaban maigidana da Hannatu.

Baban Hannatu ya cire hularsa, ya mai da, ya sake cirewa. Ya ce, "Ke, Maman Hannatu? Ke da kike fitar da mace daga layi don ɗankwalinta ya karkace?"

Likita ta bayyana mana. Ta ce jiki yana da irin wannan sinadari nasa, amma in an daɗe ana shan ƙwayar sai ya daina yi, ya dogara da ita. In aka yanke ta rana ɗaya, jiki ya rasa nan ya rasa can, mutum yana iya mutuwa. Ga shi kuma kumburin ya dawo fiye da da. Na tambaye ta abu ɗaya kawai. Na ce, "Hannun zai dawo?"

Ta ce, "Ban sani ba tukuna, Mama. In kumburin ya sauka da wuri, akwai fata. In ya daɗe yana danne wurin, zai iya zama haka."

Suka ba ni maganin ta allura har na iya haɗiya. Ranar Juma'a da safe ma'aikaciyar jinya ta kawo 'yar farar ƙwayar, Hannatu ta zuba mini kunun acca a kofi. Ku ji taurin kai. Na rufe bakina. Na ce allura daban, amma abin da zai bi ta maƙogwaro sai yamma, domin azumi bai ƙare ba.

Hannatu ta fashe da kuka. Babanta ya fita waje. A daidai nan Mama Pasto ta shigo, ita ma da azuminta a baki. Ta ji abin da ake ciki, ta jawo kujera ta zauna daf da ni. Ba ta ce mini Mama ba, sunana ta kira.

"Saratu, wa kike yi wa azumin nan?"

Na ce, "Ubangiji."

"Shi ne ya ce yana so daga gare ki a kan gadon nan? Ko ke ce ba kya so a ce Saja ta karya layi?"

A ranar na fara jin sunan a gabana. Gaskiya ta faɗa. Ba Ubangiji nake tsoro ba. Idon Maman Joy nake tsoro, da na Ladi, da na duk wadda na taɓa harara.

Ta karɓi kofin kunun da hannu ɗaya, ta sa ƙwayar a tafin ɗayan, ta ce mu rufe ido. Ta yi addu'a a kansu daidai yadda ake yi a kan abinci. Ta ce, "Uba, mun gode maka domin wannan kunu, da wanda ya noma accar. Mun gode maka domin wannan ƙwaya, da waɗanda ka ba hikimar yin ta. Ka tsarkake su, su zama ƙarfi a jikin baiwarka." Sai ta ce, "Saratu, ƙarasa."

Ni da nake jagorar addu'a shekara da shekaru, kalma ta gagare ni. Da ƙyar na ce, "Ubangiji, na ɗauka biyayya nake yi maka, ashe sunana nake tsarewa. Ka gafarta mini. Hannun nan naka ne. In ka maido shi, zan buga maka. In ba ka maido ba, zan zauna a layin baya in yi waƙa da baki, kuma ba zan yi gunaguni ba."

Hawaye suka zubo. Na ce Amin, na sha kunu, na haɗiye ƙwayar. 'Yan'uwa, wani nauyi ya sauka daga ƙirjina wanda na daɗe ina ɗauke da shi ban sani ba. Hannun bai motsa a ranar ba. Amma ni na sami salama. Haleluya!

Daga nan aka bi abu daki-daki, yadda nake so.

Likitoci suka ce ba zai yiwu in daɗe a kan farar ƙwayar da yawa ba, domin sukarina ya hau, cinyoyina sun yi sanyi, tashi daga kujera ma aiki ne. Suka yi shawara da na Legas. An yi maganar yanka a cire naman da ya ƙone, amma wurin ya yi kusa da inda ke motsa hannun. Sai suka zaɓi wani magani da ake sawa ta jijiya, kamar ƙarin ruwa, bayan 'yan makonni a sake. Aikinsa shi ne ya tsai da yoyon ƙananan jijiyoyin nan. Ba kowa ake ba shi ba, kuma kafin kowane zuwa sai an auna hawan jini da fitsari. Yana da tsada. 'Ya'yana da wannan zumunta suka tsaya, Ubangiji ya san kowane hannu da ya miƙa, ba zan kira suna ba.

Babban taro ya zo ina kwance. Ladi ce ta buga babban tulu. Hannatu ta kawo mini a waya na saurara. Ta yi gudu a waƙa ta biyu, Ladi kin sani. Amma mata sun yi rawa, an yi sujada, sama ba ta faɗo ba. Na kwanta ina dariya ni kaɗai.

Bayan an sa mini ruwan maganin karo na biyu, wata safiya ina zaune a ƙofar ɗaki ina shan hantsi, ƙuda ya sauka a bayan hannun. Babban yatsana ya motsa. Na ɗauka idona ne. Na sake cewa motsa, ya motsa. Na ƙwala kira, "Baban Hannatu!" Ya fito da gudu da kumfar sabulu a gemu, yana zaton na sake faɗuwa. Na nuna masa. Tsohon nan ya durƙusa a tsakar gida yana cewa, "Na gode Yesu, na gode Yesu." Yabo ga sunansa!

Masu gashin ƙashi suka ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Na matsa, amma zuciyata ba ta wurin. Sai maigidana ya je wurin Ladi ya karɓo sosona, ya kifa bokiti a gabana, ya ce, "Ga tulunki. In kin kauce zan fitar da ke daga layi." Kullum da hantsi ina dukan bokiti, shi yana tafa mini. Da farko soson yakan faɗi bayan bugu kaɗan. A hankali ya daina faɗuwa.

Wata rana Alhaja ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Mama Hannatu, yanzu bokitin ya fara yin waƙa. Makon jiya kamar akuya ce ke tuntuɓe da shi." Sannan ta ce, "Kin sha maganinki?" Har yau kullum sai ta tambaya. Har yau kullum ina amsa mata da ladabi.

Likita ta riƙa rage farar ƙwayar kaɗan-kaɗan. Wannan karon na sauko daga dutsen da ƙafa, inda ta ce in taka nan nake takawa, har ranar da ta ce, "Mama, kin iso ƙasa." Fuskata ta saɓe, tela ya sake tsuke rigar. Da na dawo sujada wasu suka tare ni da tausayi: "Wayyo Mama, kin rame! Ciwon ne ya dawo?" Na ce musu, "A'a. Waccan ƙibar da kuka yaba ita ce ta ciwo. Wannan ramar ita ce lafiya."

Hoton baya-bayan nan ya nuna farin wurin ya ragu sosai, ƙarin kuma yana nan shiru bai motsa ba. Zan ci gaba da zuwa hoto, kuma har yanzu ina shan ƙwayar hana jijjiga safe da yamma. Ba na ɓoye ta a akwati. Tana kan tebur kusa da kofin shayin maigidana.

Hannun ga shi. Yana daka, yana ɗaura ɗankwali, yana tsinke ganye. Ƙaramin yatsan har yanzu malalaci ne. A kan tulu ina iya waƙa biyu, a ta uku sai ya gaji. Da can da na ce wannan ba warkarwa ba ce. Yau na ce ya ishe ni, har ya yi yawa. Na roƙa ko da layin baya ne, aka ba ni waƙa biyu.

Maman Joy, na zo gidanki, kin san abin da muka yi magana. Ina maimaitawa a gaban jama'a domin a gaban jama'a na faɗi wancan: ki yafe mini.

Mako mai zuwa azuminmu zai fara. Mun zauna da Mama Pasto da shugabanni, ga yadda za a yi. Mai lafiya ta yi azumi da dukan zuciyarta, abu ne mai kyau, ban rage masa komai ba. Mai olsa, mai sukari, mai ciki, mai shan maganin da likita ya ɗora ta a kai, ta ci abincinta, ta sha maganinta, ta zo addu'a da la'asar kanta a ɗage. Ba mai duba fuskar wata. Ni da kaina zan sha kununa da safe, in haɗiye ƙwayata, in zo in buga wa masu azumi.

'Yar'uwa, in kina da ciwo, ki dogara ga Yesu. Ki kawo masa tsoronki yadda yake. In ya aiko miki da taimako ta hannun likita, ko ta bakin maƙwabciya a kan katanga, kada ki mai da shi. Kuma in ciwo ya sake taɓa ki bayan kin yi godiya, kada kunya ta sa ki ɓoye. Godiyarki ta farko ba ta zama ƙarya ba. Wanda ya riƙe ki a karon farko yana nan a na biyu.

Na gode wa Ubangiji domin hasken da ya tsai da ƙarin. Na gode masa domin maganin da ya warkar da ƙunar hasken. Na gode masa domin ya sauko da ni daga inda na hau da kaina. Ɗaukaka ta tabbata ga sunan Yesu. Amin!

Takardata ta ƙare. Ladi, kawo tulun. Ni zan fara, in na ɗaga miki kai ki karɓa. In kin yi gudu ma, yau ba zan ce komai ba.